Shari'a da Alheri a Aƙidar Kirista, da Inda Suka Saɓa da Musulunci

  

Akwai maganganu biyu da suka daɗe suna yawo a ƙasar Zazzau. Ta farko daga bakin waɗansu Musulmi take fitowa, su ce ai Kirista ba su da shari'a, an gaya musu an riga an ɗauke musu zunubi, saboda haka kowa sai ya yi abin da ya ga dama. Ta biyu kuwa daga bakin waɗansu masu wa'azin Kirista, su ce Musulunci dokoki ne tsantsa, Musulmi yana ta tara ayyuka ne domin ya sayi Aljanna da su, bai san rahamar da ake bayarwa kyauta ba. Wanda ya zauna ya karanta littattafan ɓangarorin nan biyu zai tarar kowace daga cikin maganganun nan zalunci ce ga wanda aka yi ta a kansa. Saɓani kam yana nan, babba kuwa, amma a wani wuri dabam yake. Allah Maɗaukakin Sarki ya hana a yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau, kamar yadda ya zo a Suratul Ankabuti aya ta 46, kuma ba yadda mutum zai cika wannan umarni alhali bai san abin da abokin jayayyarsa ya ƙudurta ba. Wanda ya ga abin da ya auku a watan Maris na 1987, sa'ad da rikicin Kafanchan ya watsu har Zariya aka ƙone wuraren ibada, ya san jahiltar juna tsakanin maƙwabta ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a cikin ganuwar Zariya. A 1900 wata ƙungiyar Turawan Mishan na C.M.S., ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta biyo ta Zariya zamanin Sarki Kwasau, ta wuce Kano, inda Sarki Alu ya sallame su ba tare da jinkiri ba. A cikinsu akwai wani likita saurayi, Walter Miller, wanda a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, ya zauna a cikin birni, ya buɗe wurin shan magani da makaranta. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyar Isawa suka iske shi. Su Isawan nan mabiyan wani malamin Kano ne mai suna Malam Ibrahim, wanda a ƙarni na 19 ya fifita Annabi Isa (A.S.) a kan sauran annabawa, aka kashe shi, almajiransa suka watsu wajen ƙasar Ningi. An tsugunar da su a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, daga bisani a 1929 aka fitar da mishan ɗin daga birni zuwa Wusasa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kuma Likita Miller ne jigon masu fassararsa. Duk wanda ya tashi cikin salla da azumi, ya san farilla da sunna da mustahabbi, in aka kira shi zuwa wani addini, tambayar da zai fara yi ita ce: mene ne wajibi a kaina? Amsar da Kirista suke bayarwa ga wannan tambaya ita ce darasin yau.

Kalmomin biyu

Kalmar da masu fassara suka zaɓa da Hausa ita ce alheri, kuma sun dace, domin Bahaushe in ya ce wane ya yi mini alheri, yana nufin ya ba ni abin da ban bi shi bashinsa ba. Asalin kalmar da harshen Yunanawa karis ce, Kiristan Larabawa kuwa ni'ima suke cewa. Ɗaya kalmar, watau shari'a, a Yunananci nomos ce, a tsohuwar fassarar Larabci kuma namus. Ɗalibin hadisi zai tuna da Waraƙatu ɗan Naufal, wanda ya karanta littattafan Nasara, da yadda ya kira abin da ya zo wa Annabi (S.A.W.) a kogon Hira da sunan Namusin da aka saukar wa Musa, ko da yake malaman hadisi sun fassara shi da ma'abocin sirri, watau Jibrilu. Abin lura shi ne, in Kirista ya ce shari'a a wannan babi, da farko dokokin Attaura yake nufi, waɗanda malaman Yahudu suka ƙidaya 613: kaciya, da kiyaye Asabar, da hukunce-hukuncen abinci da tsarki da hadaya, tare da dokokin ɗabi'a kamar hana kisa da sata da zina.

Annabi Isa (A.S.) da mabiyansa na farko duk Bani Isra'ila ne, masu kaciya, masu zuwa Baitul Muƙaddas. A Linjilar Matta, sura ta 5, an ruwaito daga gare shi cewa bai zo rushe Attaura ba, cika ta ya zo yi. Rikici ya taso ne bayansa, da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shiga addinin. Shin sai an yi musu kaciya, sun ɗauki dokokin Musa, sa'annan a karɓe su? Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 15, ya ba da labarin wani taro da aka yi a Ƙudus wajen shekara ta 49, inda Bitrus da Yakubu da Bulus suka halarta, aka yanke cewa ba za a ɗora musu kaciya ba, amma su nisanci abubuwa huɗu: abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da maƙararriyar dabba, da fasikanci. Mai karatu ya buɗe Suratul Ma'ida aya ta 3, zai iske ukun farko suna cikin abubuwan da aka haramta wa Musulmi. Kiristan Turai sun bar kula da hukuncin jini da maƙararriya tun da daɗewa, na Habasha kuwa har yau suna kaciya, ba su cin alade, suna girmama Asabar tare da Lahadi.

Mutumin da ya mai da wannan fatawa ta zama ginshiƙin aƙida shi ne Bulus, Bayahude masanin Attaura, wanda da yana tsananta wa mabiyan Annabi Isa, daga baya ya shiga cikinsu. A wasiƙunsa zuwa ga Galatiyawa da Romawa, waɗanda ya rubuta wajen shekara ta 50 zuwa ta 60, ya kafa hujjarsa daki-daki. Ya ce shari'a a kan kanta tsattsarka ce, ba aibi gare ta, amma ɗan Adam ya gaji zunubi tun daga ubansa Adamu, ba ya iya cika ta. Saboda haka abin da shari'a take yi shi ne ta nuna wa mutum laifinsa, ba ta da ikon wanke shi. Ya kamanta ta da bawan nan da attajiran Yunanawa kan sa ya riƙa raka yaro makaranta yana tsaronsa, in yaro ya balaga aikin bawa ya ƙare. To, da me mutum zai kuɓuta? Bulus ya ce da alheri, watau a wurinsa mutuwar Almasihu a kan gicciye ta zama fansa, wanda ya ba da gaskiya gare shi Allah zai lissafta shi mai adalci, ba domin aikinsa ba. Wannan shi ake kira baratarwa ta wurin bangaskiya. Ya kafa hujja da Annabi Ibrahim (A.S.), ya ce an yarda da shi saboda imaninsa tun kafin a umarce shi da kaciya, kuma tun kafin a saukar da Attaura da ɗaruruwan shekaru.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa Bulus da kansa ya hango abin da za a fahimta daga maganarsa. A sura ta 6 ta wasiƙar Romawa ya kawo tambayar ko sai a ci gaba da saɓo domin alheri ya yawaita, ya kuma kore ta da kakkausan lafazi. Wasiƙunsa cike suke da hani ga zina da maye da ƙarya da cin dukiyar mutane. A cikin littafin nasu kuma akwai wasiƙar Yakubu, wadda ta dage a kan cewa imanin da babu aiki tare da shi gawa ne. Ke nan tun daga tushe akwai muryoyi biyu, kuma daidaita su shi ne aikin da ya sha kan malaman Kirista kusan shekara dubu biyu.

Wani mai suna Markiyon ya ɗauki maganar Bulus ya wuce da ita iyaka, ya jefar da Attaura ɗungum, aka kore shi daga jama'ar Rum a shekara ta 144. A ɗaya gefen wani rahibi mutumin Biritaniya, Filajiyus, ya ce mutum yana da ikon bin umarnin Allah da zaɓin kansa, bai gaji laifin kowa ba. Wanda ya tashi ya yaƙe shi ɗan Afirka ne, Agustin, limamin garin Hippo, inda Annaba ta ƙasar Aljeriya take yau. Agustin ya ce ko nufin aikata alheri ma sai Allah ya fara jefa shi a zuciyar bawa, kuma taron Kartaj na shekara ta 418 ya goyi bayansa. Wanda ya karanta jayayyar Ahlus Sunna da Mu'utazilawa a kan ayyukan bayi zai ji kamar ya san muryoyin nan. Bayan shekara dubu da ɗari, a 1517, wani rahibi Bajamushe, Martin Luta, ya yi tawaye ga sayar da takardun gafara da ake yi da sunan Fafaroma, ya ce ceto da alheri kaɗai yake, ta hanyar imani kaɗai. Katolika suka mai da martani a taron Tirento, a 1547 suka zartar cewa alheri ne farko, amma dole bawa ya ba da haɗin kai, kuma ayyukansa na gari suna da sakamako. An zubar da jini mai yawa a Turai a bayan wannan rabuwa. Sai a 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na mabiyan Luta suka sa hannu a wata takarda da ta ce sun yi ittifaƙi a kan asalin mas'alar.

Abin da aka kawo Zariya

'Yan C.M.S. mabiyan majami'ar Ingila ne, kuma aƙidarsu tana cikin ƙa'idoji 39 da aka tabbatar a 1571. Ƙa'ida ta 11 ta bi Luta a kan cewa da imani kaɗai ake barata. Ta 12 ta ce ayyuka na gari 'ya'yan itacen imani ne, da su ake gane shi. Ta 7 kuwa ta raba dokokin Musa, ta ce na ibada da na mulki ba su hau kan Kirista ba, amma dokokin ɗabi'a ba Kiristan da ya fita daga ƙarƙashinsu. Wannan kaɗai ya isa ya rushe cewar Kirista ba su da doka. Katolika ma suna da kundin dokokin majami'a, wanda aka sabunta a 1983, mai ɗauke da doka 1,752.

Hasali ma akwai inda dokarsu ta fi ta Musulmi tsanani, kuma Bahaushe ya fi kowa jin ta a jika. A taron Lambet na 1888 manyan limaman majami'ar Ingila suka yanke cewa mai mace fiye da ɗaya ba za a yi masa baftisma ba matuƙar yana tare da su. Sai mai karatu ya duba halin magidanci mai mata biyu da 'ya'ya, an ce masa ƙofa kyauta ce, ba a biyan komai, amma ba zai shiga ba sai ya rabu da uwar 'ya'yansa. Wace za ta tafi, kuma ina za ta? Shekara ɗari cif aka yi a kan wannan hukunci, sai a taron 1988 aka sassauta, aka yarda a karɓe shi da iyalinsa bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba, kuma jama'ar wurin sun amince. Wannan ya nuna ba al'ummar da za ta rayu ba tare da hukuncin aure da gado da abinci ba. In ba a karɓo shi daga wahayi ba, to taron mutane ne zai zauna ya tsara shi, ya kuma sake shi in zamani ya juya.

Matsayin Musulmi

Alƙur'ani bai musanta cewa an yi wa Bani Isra'ila sauƙi ta hannun Annabi Isa ba. Suratu Ali Imrana aya ta 50 ta nuna ya zo yana gaskata Attaura, yana kuma halatta musu sashen abin da aka haramta musu. Sashe aka ce, ba duka ba. Wannan a wurin malaman usulu nasakhi ne, watau Mai shari'a ya ɗauke wani hukunci ya sa wani, ba a ɗauke shari'a kanta ba.

Ainihin saɓani yana wuri biyu. Na farko gadon zunubi. Suratul Baƙara aya ta 37 ta bayyana cewa Annabi Adamu ya tuba, an kuma karɓi tubarsa, Suratul An'ami aya ta 164 kuma ta tabbatar ba mai ɗaukar nauyin laifin wani. In babu bashin da aka gada, ba a bukatar mai biya. Na biyu fansa, domin Suratun Nisa'i aya ta 157 ta kore kisa da gicciyewa ga Annabi Isa. A wurin Kirista gafara tana biyowa ta kan gicciye, a wurin Musulmi kuwa tsakanin bawa da Ubangijinsa take, da tuba da nadama da mayar da haƙƙin mutane. Waɗannan biyu ba su haɗuwa, kuma ba ladabi ba ne a ɓoye haka domin a faranta wa wani.

Amma cewa Musulmi yana sayen Aljanna da aikinsa, wannan ko yaron da ya karanta Risala a zauren malaminsa ya san ba haka ba ne. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 ta Hijira, ya tabbatar a babin aƙida cewa shiriya da falalar Allah take, kuma shi ne yake ninka kyawawan ayyuka, tare da cewa aikin gaɓoɓi yana cikin imani. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (S.A.W.) ya kore cewa aikin wani zai shigar da shi Aljanna. Da sahabbai suka tambaya ko har da shi, ya amsa cewa har da shi, sai dai in Allah ya lulluɓe shi da rahamarsa.

A nan ɗalibi zai ce, to yaya za a yi da Suratun Nahli aya ta 32, inda ake ce wa masu taƙawa su shiga Aljanna saboda abin da suka kasance suna aikatawa? Aya ta tabbatar, hadisi ya kore, kuma da harafi ɗaya aka yi duka biyun, watau ba'un da ke cikin bima a ayar, da wanda ke cikin bi'amalihi a ɗaya daga cikin lafuzzan hadisin. Malaman nahawu sun ce wannan harafi yana da ma'anoni da yawa, biyu daga ciki su ne sababi da musaya. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 ta Hijira, ya bi malaminsa Ibnu Taimiyya, suka ce ba'un ayar na sababi ne, wanda aka kore a hadisi kuwa na musaya ne: aiki dalili ne na shiga, amma ba kuɗin Aljanna ba ne. Abin sha'awa, Ibnu Hishamin, limamin nahawu na Masar, wanda ya rasu shekara 10 bayansa, ya juya maganar a littafinsa Mugnil Labibi. Shi a wurinsa ba'un ayar shi ne na musaya, na hadisi kuma na sababi. Hujjarsa ita ce mai bayarwa a kan musaya yana iya ba da abin kyauta in ya so, amma abin da ya rataya ga sababi ba ya samuwa sai da sababinsa, kuma bai yarda a ɗaure falalar Allah da wani abu da zai tilasta ta ba, kamar yadda Mu'utazilawa suka yi. Sun saɓa a i'irabi, sun haɗu a kan cewa bawa ba ya bin Ubangijinsa bashi.

Misalin haka a al'adar Hausa shi ne tukuici. Attajiri ya aiki yaro da saƙo, wanda aka kai wa ya ji daɗi ya ba yaron riga. Da yaron bai je ba da bai samu ba, amma in ya ce rigar kuɗin tafiyarsa ce, sai a yi masa dariya, domin tafiyar ba ta kai kuɗin aljihun rigar ba. Balle kuma ƙafar da ya yi tafiyar da ita, da lafiyar da ya tashi da ita, duk ba shi ya ba kansa ba. Ibadar shekara 60 ko 70 ina za ta zama farashin ni'imar da ba ta ƙarewa?

Musulmi ma sun sami nasu masu wuce iyaka a gefe biyu. Murji'a suka ce saɓo ba ya cutarwa in akwai imani, Hawarijawa kuma suka kafirta mai babban zunubi. Ahlus Sunna suka ce mai saɓo mumini ne mai tauyayyen imani, yana ƙarƙashin ganin damar Allah, in ya so ya gafarta masa, in ya so ya hukunta shi sa'annan ya fitar da shi. Saboda haka Musulmin da ya bar salla yana cewa Allah Mai gafara ne, ya faɗa cikin abin da yake zargin Kirista da shi, wanda kuma yake ƙidaya nafilolinsa yana raina maƙwabcinsa, ya ba mai wa'azin Kirista hujja a kan kansa.

Saura abu guda, kuma nan ne hanyoyin biyu suka fi nisa da juna. Bulus ya sa shari'a a zamani ɗaya, alheri a zamanin da ya biyo baya. Alƙur'ani kuwa ya ambaci shari'a a matsayin ita kanta ni'ima ce, da kalmar nan da Kiristan Larabawa suke fassara alheri da ita. Ayar Ma'ida ta 3, wadda ta jera haramtattun nama, a tsakiyarta ne Allah ya ba da labarin kammala addini da cika ni'imarsa, sa'annan ya rufe ta da rangwame ga wanda yunwa ta matsa wa. Aya ta 6, ta alwala da wanka da taimama, ita ma ta ƙare da cewa ba ƙunci ake nufi da mutane ba, tsarkakewa ake nufi da cika ni'ima. Don haka ne matafiyi yake ƙasaru, majinyaci yake salla a zaune, mai ciki da mai shayarwa suke ajiye azumi in sun ji tsoron cutuwa, wanda bai sami ruwa ba kuma yake bugun ƙasa da tafinsa ya yi salla.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za a duba hukuncin cin yankan Ma'abota Littafi a mazhabar Imamu Malik.